Shekarar da Na Mai da Haj Abakar Kura

Bari in fara da abin da uwarku ta daɗe tana faɗi ba tare da an tambaye ta ba: ni wawa ne, kuma wautata ba mai shiru ba ce, mai baki ce. Akwai wawan da zai faɗa rami shi kaɗai, ya fito ya kakkaɓe rigarsa, ba wanda ya sani. Ni sai na tara jama'a tukuna, na ce kowa ya matso kusa. Na ji ana gaya muku wai ni da Haj Abakar mun daina gaisawa ne a kan iyakar gona. Ƙarya ne. Gonarsa tana hanyar Mafaza, tawa tana hanyar Ƙala'at an-Nahal, ko awakinmu ba su taɓa haɗuwa ba. Abin da ya shiga tsakaninmu kura ce, ita ma ba ta daji ba, wadda na ƙera da bakina.

Shekarar da yaƙi ya tashi a Khartum, ku kuna can nesa wajen neman abincinku, gidan nan ya cika har sai mutum ya duba ƙasa kafin ya ajiye ƙafa. Cikin waɗanda suka sauka mana akwai Hawwa'u 'yar ƙanwata, malamar makaranta, wadda kowa ke kira Ustaza. Ta zo da 'ya'ya uku da jaka ɗaya, littattafanta duk ta baro su can. Makarantun Gadarif a lokacin mutane ne ke kwana a cikinsu, don haka ta tara yaran unguwa, na gida da baƙi, ƙarƙashin rakubar tsakar gidanmu, rumfar karan nan da kuka sani, tana koya musu abin da ke kanta kullum da hantsi. Ni kuwa karatuna kun san iyakarsa. Shekara biyu na yi da allo, malam ya kira babana ya ce in ana so a ga amfanina a ba ni fartanya. Sai in jawo gado gefe, in yi kamar igiyarsa nake gyarawa, kunnena yana wurinsu.

Wata rana na ji tana ba su bayanin wani littafi da ta baro, na dabbobin da suka yi mulki. Ta ce kowace dabba a irin wannan labari wani irin mutum ce: akwai mai riƙe da mulki, akwai mai yi wa mulki baki, akwai mai aiki ba ya tambaya, akwai mai gani ya yi shiru. Ta ce kuma su lura, wasu yadda suka shiga labarin haka suke fita, wasu kuwa labarin ne ke lanƙwasa su har su zama wani abu dabam. Na kasa haƙuri.

"Ustaza, ai wannan tatsuniya ce. A kan wannan ake ce miki Ustaza a Khartum?"

"Ita ce, Kawu. In ka iya, ga wuri, bisimilla."

Uwarku tana bakin murhu. Malam take ce mini, don kunya ba don karatu ba. Ba ta ko ɗago kai ba.

"Malam, hantsi ne fa. Kakarka da bakinta ta ce mai tatsuniya da rana ɓata yake yi."

"A Gadarif zan ɓata? Ni da na san kowane kare da gidansu?"

Kafin in gaya muku abin da na faɗa, sai kun san Haj Abakar yadda yake a shekarar. Abokina ne tun muna yawo ba wando. Kakanninmu ayari ɗaya suka biyo daga Yamma za su Makka, suka tsaya nan su huta, har yau muna hutawar. Da baƙi suka yi yawa, dattawan unguwa suka kafa lajna, wato kwamiti, ta kula da su, suka ɗora shi a kai, aka buɗe takiyya a filin bayan masallaci, mata suna dafa adas, ɗan ƙaramin waken nan, da tuwon dawa a manyan tukwane, duk mai jin yunwa ya zo da kwanonsa. Ni ma an kira ni cikin lajnar. Na je zama biyu, na gyaɗa kai ga duk abin da aka ce, ban sake komawa ba. Shi Haj Abakar yana da halaye uku da duk unguwa ta sani. Ba ya magana sai ya yi gyaran murya sau biyu. Ba ya gama magana sai ya ce "saboda maslaha". Kuma yana da cokali a aljihun jallabiyarsa, nasa na kansa, kullum kafin a fara rabo sai ya bi tukwanen ɗaya bayan ɗaya yana ɗanɗanawa, ya lumshe ido, ya taɓe baki, ya ƙara. Mutum ne mai tumbi, tumbin kuma yana riga shi isa wurin tukunya. Abu na ƙarshe, wanda na manta da shi a daidai ranar da bai kamata ba: a unguwarmu shi ke kiran gayya. In ya ce gobe gonar wane, maza za su fito da lauje. In bai ce ba, ko kuka kake ba mai zuwa.

To, na gyara zama na ba yara labari. Na ce zaki ya tsufa ya mutu bai bar magaji ba, ga fari, tafki ɗaya ya rage a duk dajin. Dabbobi suka ce sun gaji da sarki, lajna za su yi. Aka ba dila riƙon sunaye, domin shi ne ke iya karanta sunan abokinsa sau biyu. Aka ba zabuwa shela, ba don tana gane abin da take faɗi ba. Jaki aka ba ɗaukar ruwa, duk abin da aka yanke sai ya ce daidai ne, ya ƙara tulu. Ƙadangare yana kan dutse yana kallon kowa yana gyaɗa kai. Na sa shi ne don a san akwai mai hankali ɗaya irina a dajin. Kura kuwa ta zama shugaba, saboda ta fi kowa murya. Har nan ba laifi. Ustaza ma tana murmushi, tana nuna wa yara da yatsa, ga mai baki, ga mai aiki. Da na tsaya a nan da yau ba ni da labarin ba ku. Amma dariyar yara giya ce ga irina. Na miƙe, na turo ciki gaba, na yi gyaran murya sau biyu, na ce kullum da safe kura takan zo bakin tafki ta ce bari ta ɗanɗana ko ruwan ya lalace, saboda maslaha, shi ya sa ba a taɓa ganin bakinta a bushe ba. Sannan na sa hannu a aljihu na zaro mata cokali.

Ku gaya mini, me kura za ta yi da cokali? Ko aljihu tana da shi? Yara suka zube ƙasa suna birgima. Uwarku ta ajiye muciya ta dube ni, irin duban da ake yi wa wanda ya riga ya taka abin.

Washegari a layin takiyya, Haj Abakar ya iso tukunyar farko ya sa hannu a aljihu. Kafin cokalin ya fito, yaran layin gaba ɗaya, kamar masu bin liman, suka yi gyaran murya sau biyu suka ce "saboda maslaha". Matan da ke rabo suka rufe baki da mayafi. Bai tambayi wanda ya koya musu ba. A unguwar nan mutum ɗaya ne zai yi wannan. Ya mai da cokalinsa ya juya gida.

Na ce zai huce. Sai riɗi ya nuna. Ku da kuka tashi a gona kun sani, amma 'ya'yanku ba su sani ba, bari in faɗa dominsu. Dawa tana jiran mai ita, riɗi ba ya jira. Daga ranar da ganyensa ya yi rawaya kwanaki ƙalilan gare ka ka yanke shi, ka ɗaure, ka jingina dami-dami ya bushe a tsaye. In ka makara, kwanson ya buɗe baki, duk wahalar damina ta zube ƙasa, tururuwa ta gode maka. A shekarar 'yan ƙodagon da suka saba gangarowa ta Fashaga ba su iso wajenmu ba, ku ba kwa nan, gidana kuma bakuna sun ninka. Riɗin nan shi ne abin da za mu ci har wata damina. Ba ni da hanya sai gayya. Na sa farar jallabiya na je ƙofar gidan Haj Abakar bayan la'asar, na yi sallama mai tsawo, na tambayi lafiyar har jikokin da ba a haifa ba.

"Ya Abakar, riɗina ya yi rawaya."

"Masha Allah."

"Na ce ko za a kira mutane jibi."

Ya yi gyaran murya sau ɗaya, ya tuna, ya haɗiye na biyun.

"Ya zol, kai mutumin nan, ka taɓa ganin kura da lauje? Je ka nemi zaki."

Na dawo gida na ce abu mai sauƙi ne, baki ya ɓata, baki zai gyara. Ba Ustaza ta ce labari yana lanƙwasa dabba ba? Da hantsi na tara yara na ce akwai ragowar labari. Na ce wata rana kura ta yi mafarki, ta farka tana kuka, ta jefar da cokali a tafki, ta tafi Makka, ta dawo da carbi, ba ta ƙara taɓa ruwan kowa ba. Na ce su je su ba da wannan a layin takiyya. Ba wanda ya yi dariya. Wata 'yar Khartum mai tsagaggen haƙori ta ce a ƙafa ta je ko a jirgi. Wani ya ce ai ko a Makka za ta nemi ɗanɗana zamzam. Ustaza ta jira suka watse.

"Kawu, yara ba su yarda ba saboda ba su ga abin da ya juya ta ba. Jiya ɓarauniya, yau waliyyiya, a tsakani ba komai sai riɗinka."

"Ke a Khartum haka kuke gaya wa manya gaskiya tsirara?"

"Sai in sun zauna a ajinmu."

Duk da haka labarin ya kai masa, domin a unguwarmu magana ba ta buƙatar mota. Ya aiko mini da amsa ta bakin ladan: wato dai ɓarawo ne shi, amma an yi masa alfarma ya tuba. Ya ce a gaya mini ya gode. Kwana uku suka tafi a haka. Na hau mota na je gonar, na kama reshe ɗaya na girgiza a hankali, na ji ƙasan ya fara ƙara kamar caki.

Ranar alhamis ina zaune na kasa shan jabanata, gahawar nan tamu, uwarku tana tsince adas a faifai. Tana cikin matan da ke girkin takiyya. Ba ta dube ni ba ta fara magana.

"Malam, dawar da muke tuƙawa wata biyu ke nan, ka san daga ina take?"

"Daga masu alheri, haka aka ce."

"Mai alherin ɗaya ne. Haj Abakar ne ya buɗe maɗmurarsa."

Maɗmura, don 'ya'yanku 'yan birni su sani, ramin ajiyar dawa ne da ake binnewa don baƙar shekara. Manomi ba ya buɗe ta sai in ya ga mutuwa. Ta ce tun da taimakon farko ya ƙare, shi ke aiko da buhuna a keken jaki kafin gari ya waye, ya ce wa mata wani bawan Allah ne daga kasuwa. Ta gane ne da warin rami, daga baya matarsa ta tabbatar mata, ta sa ta yi alkawarin ba za ta faɗa ba. Dawar ta shekara uku a ƙasa, wani gefen ya sha danshi. Tsoronsa kada a dafa wadda ta lalace yaran mutane su ci. Shi ya sa yake bin tukwane da cokali: in akwai ciwon ciki, ya fara da nasa.

"Na gaya maka ne don ka ji kunya," in ji ta, "ba don ka samu sabon labari ba."

Na ji kunya, wallahi na ji. Amma ku san ubanku: kunyar ba ta gama sauka ba na ji labarin yana haɗuwa a kaina. Na san in na faɗa, na karya alkawarin uwarku, na tone abin da mutum ya binne don Allah. In na yi shiru, unguwa za ta ci gaba da gyaran murya a bayansa, riɗina kuma ya zube. Ina so in ce muku don sunansa kaɗai na yi. Rabi da rabi ne, kuma in aka ɗora a ma'auni ban san wane rabi zai rinjaya ba. Na je wurin Ustaza, ban gaya mata sirrin ba, na tambaye ta kawai yaya ake canza dabba ba tare da ƙarya ba.

"Ba dole ka canza ta ba, Kawu. Bar ta da halinta, ka nuna mana abin da ba mu gani ba. Wani lokaci mai sauraro ne labari ke lanƙwasawa."

Bayan sallar Juma'a dattawa sukan zauna ƙarƙashin bishiyar ƙofar masallaci a sha jabana. Haj Abakar yana can gefe, ya ba ni ƙeya. Na miƙe a tsakiyarsu, rana tsaka, na ce ina da tatsuniya. Liman ya ce, "Ya Tanko, ba ka gaji ba?" Na ce wannan ce ta ƙarshe. Na ba da ita tun daga mutuwar zaki, ban rage komai ba, da gyaran muryar da cokalin, har wasu suka fara tari don ɓoye dariya. Sannan na ce akwai abin da dabbobi ba su tambaya ba: fari ya yi wata da watanni, jaki yana ɗiba kullum, me ya sa tafkin bai ƙafe ba? Na ce kura tana da wata 'yar maɓuɓɓuga a kogonta, wadda ta ɓoye don 'ya'yanta. Kullum kafin kowa ya tashi takan cika bakinta da ruwa, ta yi tafiya mai nisa ba ta haɗiye ba, ta zuba a tafki, ta koma. Abin da ya sa bakinta ke jiƙe ke nan. Ruwan kogo ne, ya daɗe, tana tsoron ya cuci 'ya'yan barewa, shi ya sa take fara sha. Wani ya ce to wa ya gani? Na ce ƙadangare, yana kan dutsensa, komai a idonsa aka yi.

Mai keken jakin yana cikin jama'a, ya sunkuyar da kai, kowa kuma ya ga ya sunkuyar. Ba a ƙara buƙatar bayani ba. Haj Abakar ya miƙe a hankali, ya kakkaɓe jallabiya, fuskarsa ta fi ranar layin takiyya ɓaci.

"Da ka mai da ni ɓarawo, barcina nake yi lafiya. Yanzu ka mai da ni waliyyi, gobe duk Gadarif za ta kwana a ƙofata. Sau biyu ka cuce ni da dabba ɗaya."

Ya sa takalmi, ya yi taku uku, ya tsaya bai juyo ba.

"Gobe bayan asuba, gonar wannan mutumin. Kowa da laujensa. Kalas, shi ke nan."

Suka fito, har da baƙinmu na Khartum da ba su taɓa riƙe lauje ba. Wani mai gyaran waya ya yanke riɗi da ciyawa ya ɗaure su tare da kyau kamar kyauta. Wani da ya ce a jami'a yake koyarwa ya tsaya yana tambayar dalilin da ake jingina damin a tsaye, har aka ba shi aikin kai ruwa. Mun gama cikin kwana biyu, amma gefen gabas ya riga ya buɗe, kana taɓa shi kana jin yana zuba kamar yayyafi. Kashi ɗaya cikin uku na bar wa tururuwa. Wannan shi ne kuɗin cokalin kura, kuma ba shi ne mafi tsada ba. Uwarku ta yi mako tana ajiye mini tuwo ba magana, matar Haj Abakar kuwa ta fi wata ba ta shigo gidanmu ba. Abin da ya faɗa ya tabbata, mutane suka yi ta zuwa ƙofarsa, shi kuma ba ya iya cewa babu, har ramin ya koma rami kawai. Kuma bai sake ɗanɗana tukunya ba. A gonar ma, da aka sauke abincin gayya, uwarku da kanta ta miƙa masa ludayi a gaban kowa, ya ce ya ƙoshi. Daga ranar adas ɗin takiyya wata rana gishiri ya yi yawa, wata rana babu, ba mai faɗi. Na raba mutum da abu ɗaya da yake yi da daɗin rai, na kuma kasa mayar masa.

Da yamma ta biyu muna dawowa a bayan tarakta, ni da Haj Abakar a kan buhunan wofi, ƙafafunmu suna lilo, mun gaji har ba mai ƙarfin fushi. Ya miƙo mini gorar ruwa, na san an shirya. Mun wuce wasu duwatsu, na ga yana kallonsu, sai ya yi gyaran murya, sau biyu cif, na ji daɗi har cikin raina. Abin da ya faɗa bayan nan, har yau muna shan jabana tare, bai maimaita ba.

"Ya Tanko, kura ta samu labari uku. Wannan ƙadangaren naka mai hankali, da ya ga komai tun farko yana gyaɗa kai, bai taɓa kai ko ɗigo ɗaya tafkin ba, shi yaushe za ka ba mu nasa?"